Ciki da haihuwa: amsoshin tambayoyin da iyalai suka fi yi, daga awon farko zuwa arba'in

A ɗakunan awon ciki na garin Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, tambayoyin da ake yi wa ma'aikatan jinya ba su cika sauyawa ba, ko da Hausa aka yi su, ko da Alago, ko Eggon, ko Tibi. Yaushe ya kamata a fara awo? Kumburin ƙafa ciwo ne? Don me ake cewa a tanadi jini alhali ko naƙuda ba a fara ba? Irin waɗannan tambayoyi ne ake ji a Kano da Sakkwato da Maraɗi, kuma amsarsu tana da nauyi, domin Najeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan matan da ke rasuwa a dalilin ciki da haihuwa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna mata kimanin 260,000 ne suka rasu ta wannan hanya a duniya, kuma kusan 75,000 daga cikinsu 'yan Najeriya ne, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya kawo adadi mafi ƙanƙanta, mace 512 cikin kowace haihuwa 100,000, saboda hanyar lissafinsa dabam ce. Ko wanne aka ɗauka, asarar ta yi yawa.

Abubuwan da ke kashe matan nan sanannu ne: zubar jini, hawan jinin ciki da jijjigar da yake haifarwa, doguwar naƙuda, da ƙwayoyin cuta bayan haihuwa ko ɓari. Duka suna da magani, kuma yawancin magungunan tsofaffi ne masu araha. Abin da ke raba wadda ta tsira da wadda aka rasa shi ne sa'o'in da suka wuce kafin ta isa hannun da ya dace.

Yaushe ake fara awo, kuma sau nawa?

Tun a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga huɗu zuwa takwas. Na farko kafin ciki ya cika mako 12, sauran kuma a makonni na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Ana lissafin daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, kuma cikakken ciki mako 40 ne, kwana 280, ko da yake haihuwa tsakanin mako 37 da 42 duk a kan lokaci take. A binciken 2018, kashi 57 cikin 100 ne kawai na matan Najeriya suka je awo ko da sau huɗu ne.

Wannan awo na farko shi ne aka fi tsallakewa. Kunyar ciki, musamman na fari, da tsoron bakin mutane, suna sa mace ta ɓoye shi har sai ya fito da kansa, a wata na biyar ko na shida. Ɓoye wa maƙwabta ba laifi ba ne, amma ɓoye wa asibiti yana da tsada, domin a farkon ciki ne ake gano abubuwan da ba sa yi wa mace ciwo, ita ma ba ta san tana ɗauke da su ba. Ana auna hawan jini, a duba fitsari, a auna yawan jini da rukuninsa, a gwada ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da tunjere. Mace mai ɗauke da ƙwayar ƙanjamau da ta fara shan magani da wuri, ta kuma ci gaba da shi har ta yaye, da wuya ta shafa wa ɗanta. Ciwon hanta kuwa batu ne da ya dami Jihar Nasarawa har gwamnatinta ta ƙaddamar da shirin yaƙi da nau'in C a 2020; shi nau'in B yana wucewa daga uwa zuwa jinjiri a wajen haihuwa, shi ya sa ake son a yi wa kowane jinjiri allurar rigakafinsa cikin sa'a 24 na farko.

Akwai kuma rukunin jini mai alamar ragi, wanda mutane ke kira negetib. Idan uwa tana da shi, ɗan kuma ya ɗauko mai alamar ƙari daga uba, jikinta na iya ƙera makaman da za su yaƙi jinin 'ya'yan da za ta ɗauka nan gaba. Allura guda da ake yi cikin sa'a 72 bayan haihuwa ko ɓari tana hana wannan. Mata da dama da ake cewa suna da wabi, a haifa a binne, da an duba rukunin jininsu tun cikin fari da labarin wasunsu ya sha bamban. Mai ciwon sikila ita ma ba ta da wurin awo sai babban asibiti mai likitan mata.

Hoton ciki, wanda aka fi sani da sikanin, ana son a yi shi sau ɗaya kafin mako 24. Yana tabbatar da watannin ciki, ya nuna tagwaye, ya nuna inda mabiyiya ta kwanta. Ba ya cutar da ɗa. Amma ba ya maye gurbin awo: wadda ta yi hoto sau biyar ba a taɓa auna hawan jininta ba, ba ta yi awo ba.

Ƙwayoyin da ake bayarwa a wurin awo, dole ne a sha?

Ƙwayar ƙarin jini da ta folik asid kullum ake shansu. Binciken 2018 ya gano cewa mata masu ciki shida cikin goma a Najeriya suna da ƙarancin jini, kuma mace mai ƙarancin jini ba ta jure zubar da wata za ta jure a wajen haihuwa. Ƙwayar tana mayar da bayan gida baƙi, wani lokaci ta kawo tashin zuciya ko taurin ciki. Wannan ba dalilin bari ba ne, shan ta da dare ko bayan abinci yana sauƙaƙawa. Shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfen da ke cikinta, lemu da gwaiba kuwa suna taimakawa. Zancen cewa ƙwayar tana ƙara wa ɗa girma har haihuwa ta gagara ba shi da tushe.

Zazzaɓin cizon sauro ya fi haɗari ga mai ciki, musamman a ƙasa mai damina mai tsawo da fadamu irin ta kwarin Binuwai, inda Doma da Keana da Awe suke. Ƙwayar cutar tana taruwa a cikin mabiyiya ko da mace ba ta jin zafin jiki, ta shanye mata jini, ta sa a haifi ɗa ƙarami ko bakwaini. Saboda haka ake ba da Fansidar, ƙwaya uku a lokaci guda, daga mako na 13, sau ɗaya a wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa, tare da kwana cikin gidan sauro mai magani. Ba a shan ta a watanni uku na farko, kuma wadda ke shan Septrin kullum saboda ƙanjamau ba ta haɗa su. Rigakafi ce, ba maganin zazzaɓin da ya riga ya kama ba. Shi wannan gwaji yake bukata.

Akwai zazzaɓin da ya kamata mazauna Nasarawa da Binuwai da Filato su riƙa tunawa da shi, wato na Lassa, wanda ɓeraye ke yaɗawa kuma ya fi tashi da rani. A watannin ƙarshe na ciki yana da muni ƙwarai, mafi yawan lokuta ana rasa ɗan. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya bayan kwana biyu ko uku ba na komawa kantin magani ba ne.

Game da abinci, ƙasar Lafiya ba ta rasa abin da mai ciki ke bukata ba: wake, gyaɗa, riɗi, agushi, zogale, rama, alayyafo, kifi, ƙwai da nama. Doya da rogo suna cika ciki amma ba sa gina jini, sai an haɗa da miya mai ganye. Hana mai ciki ƙwai ko nama don kada ɗa ya yi girma ko ya tashi da wani hali camfi ne kawai. Haka nan jiƙe-jiƙen maganin zaƙi da ake ɗirka wa mata a watan haihuwa: ruwan da ke kewaye da ɗa ba cuta ba ne da za a wanke, kuma wasu saiwoyin suna tayar da naƙuda da ƙarfin da mahaifa ba za ta ɗauka ba. Idan ana zargin ciwon suga ne, gwajin jini ke nuna shi.

Kumburin ƙafa, ciwon kai da jijjiga

Ɗan kumburin ƙafa da yamma, wanda ke saɓewa idan an kwanta, abu ne da aka saba gani. Wanda ake tsoro shi ne kumburin fuska da hannuwa, wanda ke sa zobe ya ƙi fita, musamman idan ya zo da ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi ko walƙiya a ido, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Waɗannan alamun hawan jinin ciki ne, wanda ke bayyana bayan mako 20. Likitoci suna kama shi idan awo ya kai 140 bisa 90 kuma aka ga furotin a fitsari. Ya fi kama masu cikin fari, da 'yan mata ƙanana, da waɗanda suka haura shekara 35, da masu tagwaye, da masu hawan jini tun asali. Sau da yawa ba ya nuna wata alama har sai ya yi nisa, shi ya sa awon hawan jini ya fi komai muhimmanci a kowane zuwa.

Idan ya ta'azzara sai jijjiga ta biyo baya, wadda wasu ke kira taune-taune: mace ta sandare, ta riƙa fizge-fizge, ta ciji harshe, ta fita hayyacinta. A nan ne ake yawan asarar lokaci, saboda abin ya yi kama da bugun iska, sai a tsaya hayaƙi da tofi har jijjiga ta biyu da ta uku su zo. Addu'a ana iya yin ta a cikin mota. Abin da ya wajaba a gida shi ne a kwantar da ita ta gefen hagu, kada a cusa mata cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu domin zai faɗa huhu, a nufi asibiti nan take.

Maganin jijjiga allurar magnisiyam salfet ce. Wani babban bincike na ƙasashe da dama da aka wallafa a 2002 ya nuna tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi, kuma da aka shigar da ita asibitocin gwamnatin Jihar Kano daga 2008 mutuwar mata masu wannan ciwo ta ragu ƙwarai. Amma ciwon ba ya warkewa gaba ɗaya sai an raba uwa da ciki, dalilin da ya sa likita kan ce a haifar da mace ko da watanni ba su cika ba. Ga waɗanda aka san suna cikin haɗari, likita na iya rubuta ƙaramar asfirin da ƙwayar kalsiyam tun da wuri. Jijjiga kuma na iya zuwa bayan haihuwa, galibi cikin kwana biyun farko, don haka ciwon kan mai jego ba abin rainawa ba ne.

Ganin jini da sauran alamu

Babu jinin da ake ɗauka da wasa a lokacin ciki. A farkonsa yana iya zama ɓari, ko cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda ke zuwa da ciwon mara ta gefe ɗaya da jiri, kuma yana kisa cikin sa'o'i idan ya fashe. A ƙarshen ciki kuwa, jini ja ba tare da ciwo ba yana nuna mabiyiya ta tare hanya, jini mai duhu da ciwo da taurin ciki yana nuna ta ɓanɓare kafin lokaci. A irin wannan hali ba a yarda kowa ya sa hannu ya duba mace a gida ba. Fashewar faya ba tare da naƙuda ba, da raguwar motsin ɗa ko tsayawarsa, su ma na ranar ne, ba na jiran ranar awo ba. Abin da ake kira kwantaccen ciki, wanda aka ce yana barci shekara ɗaya ko biyu, idan aka yi hoto yawanci ɗan da ya mutu a ciki ake gani, ko ƙari a mahaifa, ko kuma babu cikin tun farko.

Azumi, aiki da kwanciyar aure

Shari'a ta yi wa mai ciki rangwame ta sha azumi idan tana tsoron cutuwa a kanta ko a kan abin da ke cikinta, ta rama daga baya. Mai ƙarancin jini, ko hawan jini, ko ciwon suga, ko tagwaye, ko amai mai yawa, ita ce ta fi cancantar wannan rangwame. Aikin gida da tafiya a ƙasa suna da amfani, ɗaukar kaya masu nauyi da wuni a gona cikin rana ne ya kamata a rage. Kwanciyar aure ba ta cutar da ciki mai lafiya, sai idan akwai jini, ko faya ta fashe, ko likita ya hana.

Naƙuda: har yaushe ake jira?

Naƙudar gaske tana zuwa a jere, tana ƙara ƙarfi da kusanto juna, ba ta lafawa don an kwanta. Ta fari takan fi tsawo. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke koya wa iyalai mai sauƙi ce: naƙudar da ta kai sa'a 12, wato rana ta fito ta faɗi, ko ta faɗi ta fito, ba a haihu ba, ta wuce ƙarfin gida. Wannan iyaka ce ta ƙarshe, ba lokacin da ake so a tashi ba. A binciken 2018, kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Najeriya aka yi a asibiti.

Al'ada ta yaba wa macen da ta haihu ita kaɗai a ɗaki ba a ji kukanta ba. Jarumtaka ce, babu musu, amma ƙashin ƙugu ba ya buɗewa da haƙuri. Idan kan ɗa ya fi ƙarfin hanya, ko ya zo a gicciye, ko da ƙafa ko hannu, babu yawan nishin da zai fito da shi. Kansa zai danne naman da ke tsakanin farji da mafitsara a jikin ƙashi har jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami. Wannan ne asalin yoyon fitsari, kuma galibi ɗan ma ba ya rayuwa. Yankan gishiri da ake yi da aska ko reza don a buɗe hanya ba ya taɓa ƙashin da ya tare. Mafitsara ko dubura yake hudawa, ya ƙara zubar jini, kuma yana cikin irin yankan mata da dokar tarayya ta 2015 kan hana cin zarafi ta haramta. Yoyon fitsari yana gyaruwa da tiyata. Akwai cibiyoyin tarayya na wannan aiki a Babbar Ruga ta Katsina, inda likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana yi, da Ningi a Jihar Bauci da Abakaliki, ga kuma cibiyar Evangel a Jos wadda ta fi kusa da mutanen Nasarawa.

Wani haɗarin na zamani shi ne allurar naƙuda da ƙwayar da ake sawa a ƙarƙashin harshe, waɗanda wasu ke yi wa mata a gida ko a bayan kantin magani don a gaggauta haihuwa. Oksitosin da misofurostol magunguna ne masu ceton rai idan ɗa ya riga ya fito. Kafin ya fito kuwa, idan ba a asibiti ana ƙidaya bugun zuciyarsa ba, suna iya fasa mahaifa. Ungozomar gargajiya tana da matsayinta a gari, kuma mafi alherin aikinta shi ne ta gane haɗari da wuri ta raka mace asibiti.

Tiyata gazawa ce?

Kimanin kashi 3 cikin 100 na haihuwa ne aka yi ta tiyata a Najeriya a binciken 2018, adadin da ya yi ƙasa da abin da ake bukata don ceton waɗanda suka maƙale. Tsoron tiyata yana da dalilai: kuɗi, gorin kishiya ko dangin miji, da labarin waɗanda suka mutu a ɗakin aiki. Sai dai da yawa daga cikin waɗannan an kai su ne bayan kwana biyu suna naƙuda, mahaifa ta fashe, jini ya ƙare. Tiyatar da aka shirya da wuri ba ɗaya take da wannan ba. Wadda aka yi wa sau ɗaya tana iya haihuwa da kanta a gaba idan dalilin farko bai dawo ba, amma duk haihuwarta daga nan a asibitin da ke da ɗakin tiyata za ta kasance, saboda tabon na iya buɗewa.

A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da cewa tiyatar haihuwa za ta zama kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka tantance, ta hannun Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa. Ba kowane asibiti ke cikin tsarin ba, don haka tun a wurin awo ya kamata a tambaya wanne ne mafi kusa. Jihar Nasarawa ma tana da tata hukumar inshorar lafiya, kuma Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, yana biyan kuɗin awo da haihuwa ga waɗanda aka yi wa rajista a cibiyoyin da aka zaɓa.

Zubar jini bayan haihuwa, da dalilin tanadin jini

Wannan ne babban makashi, kuma shi ne wanda awo ba ya iya hangowa. Mace lafiyayya da ta haihu shida a gida ba matsala tana iya zubar da jini a ta bakwai; hasali ma yawan haihuwa yana sassauta mahaifa. Likitoci suna kiran abin zubar jini idan ya kai mililita 500 cikin sa'a 24, wato kwatankwacin ledar ruwan sha guda ɗaya. Mafi yawan dalili shi ne mahaifa ta ƙi tsukewa bayan mabiyiya ta fita, sai ragowar mabiyiya, sai yagewa. Idan ya ɓalle da ƙarfi yana iya kashe mace cikin sa'a biyu. Zancen cewa mugun jini ne gara ya fita ya jawo asarar rayuka masu yawa. Zane da ya jiƙe sharkaf, gudaji manya, jiri, gumi mai sanyi, ko mabiyiyar da ba ta fita ba bayan minti 30, duk na tashi ne. Kafin a isa, murza ciki a ƙasan cibiya har mahaifa ta yi tauri, da sa jinjiri a nono, suna rage zubar.

A asibiti ana yi wa kowace mace allurar oksitosin cikin minti ɗaya bayan ɗa ya fito, kafin ma a ga jini. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda asibitocin Najeriya suka shiga, ya nuna allurar tiraneksamik asid tana rage mutuwa daga zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an yi ta cikin sa'a uku. Sai binciken E-MOTIVE na 2023, a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. Dabarar ita ce a shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa don a ga ainihin jinin da ya zuba maimakon ƙiyasi da ido, sa'annan a yi dukkan magungunan a tare, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin 100.

Sa'a biyun nan ita ce ma'aunin da ya kamata kowane gida ya auna kansa da shi. Mazaunin cikin garin Lafiya yana kusa da Asibitin Ƙwararru na Dalhatu Araf, wanda gwamnatin jiha ta miƙa domin ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Tarayya ta Lafiya. A yammacin jihar akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Keffi, ga manyan asibitocin gwamnati a garuruwa irin su Akwanga da Doma da Obi. Amma mutumin ƙauyen da ke bayan Assakio, ko na bakin kogi a ƙasar Awe, a tsakiyar damina da tsakar dare, lissafinsa dabam ne. Masana sun daɗe da kasa jinkirin da ke kashe mata gida uku: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na uku nauyin gwamnati ne da ma'aikatanta, kuma ƙarancin likitoci da ungozomomi da jini a ajiye matsala ce ta gaske. Na farko kuwa a hannun maigida yake. Tun wata na bakwai ya kamata a san inda za a haihu, da motar da za a kira da lambar direbanta, da kuɗin da aka ware, da mutum biyu ko uku da za su ba da jini. Ya kamata kuma a bar izini a bayyane cewa idan abu ya taso maigida ba ya nan, a tafi ba sai an jira shi ba. Wadda gidansu ke nesa, kuma aka ce cikinta na da haɗari, gara goyon cikinta ya kasance a gidan ɗan'uwa da ke cikin gari.

Jego

Ana son mai jego ta kwana a asibiti sa'a 24 bayan haihuwa, a sake duba ta da jinjirin a rana ta uku, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da mako na shida, wanda ya yi daidai da arba'in. Zazzaɓi, jinin biƙi mai wari, ciwon mara mai ƙaruwa, kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, ko baƙin ciki mai hana barci da kula da ɗa, duk suna bukatar likita.

Wankan jego da ruwan ɗumi tsafta ce. Tafasasshen ruwa da ke saluɓe fata, da kwanciya a kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa kwano-kwano, su ne likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka danganta da ciwon zuciyar masu jego tun a shekarun 1970, saboda gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma ya ƙara wa zuciya aiki. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta ya nuna akwai wasu dalilan, kamar hawan jinin ciki, rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam. Ko ma mene ne sanadin, mai jegon da ke haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, ƙafafunta sun kumbura, zuciyarta ce ke neman agaji.

Shi kuwa jinjiri, a goge shi a ɗora a ƙirjin uwa, a jinkirta wanka zuwa bayan sa'a 24, a sa shi a nono cikin sa'a ta farko. Dakashi, nonon farko mai kauri da ake matsewa a zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Ba ya bukatar ruwa ko zuma ko jiƙo har wata shida. Cibiya ba a gasa ta, ba a sa mata toka ko man goge haƙori ko kashin shanu. Man kuloheksidin da ake bayarwa a asibiti ya wadatar, kuma allurar tetanus da uwa ta yi a wurin awo tana kare shi daga ciwon sanƙarewa. Jinjirin da ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi, ko numfashinsa ya yi sauri, ko shawara ta bayyana a idonsa a ranar farko, ba a jiran suna kafin a kai shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani cikin, wata shida kuma bayan ɓari. Shayarwa tana hana kwanika ne kawai idan sharuɗa uku sun haɗu: ɗa bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da zarar ɗaya ya faɗi, mace na iya ɗaukar ciki tun kafin ta ga jinin farko, shi ya sa ake tattauna hanyar tazarar haihuwa a zuwan mako na shida, ko ma kafin a sallame ta daga asibiti.